Ranar da Na Kai Jitata Gyara Bayan Dandume

Shekarun baya, lokacin ina sabon malami a wata firamare a Funtuwa, ina da wata jita da na sayo ta hannu a Zariya tun ina ɗalibi. Kada ku ɗauka wani gwani ne ni. Waƙoƙi biyar kacal na iya, su nake ta juyawa, har ƙannena suka haddace wuraren da nake kuskure. Amma ina son abin nan ƙwarai. In na dawo daga makaranta yara sun cika mini kai da hayaniya, sai in shige ɗakin zaure in ɗan kaɗa a hankali har kaina ya sauka.

A wata damina mai ruwa sosai, aikin gona ya sha kaina, na jingine ta a bango wajen wata guda ban taɓa ba. Da na ɗauko ta sai na tarar tsirkiyoyin sun yi sama, sun yi nisa da wuyan, sai ka danna da ƙarfi har yatsa ya yi zafi. Kuma in na kaɗa a can sama kusa da kunnuwan ɗauri sai muryar ta fita daidai, in na gangaro wajen ciki sai ta karkace kamar mai waƙa da mura. Na shiga waya na kalli bidiyo biyu, na ji ana cewa akwai sandar ƙarfe a cikin wuyan jita, ana murɗa ta da alanki, ɗan makullin nan mai lanƙwasa na bakanikai. Na ce ai wannan ba aiki ba ne. Na aro alanki wurin abokina mai gyaran babur a bakin tasha, na zura ta ramin jitar na kama murɗawa. Mai bidiyon cewa ya yi kaɗan-kaɗan. Ni kuwa sauri nake. Na yi zagaye biyu cur, ina shiga na uku na ji itacen ya ce ƙas. Na saki. Da na kaɗa, tsirkiyoyin sun kwanta a kan ƙarafan da ke jere a wuyan, ba abin da ke fita sai zuuu, kamar ƙudan zuma ya shiga tulu.

Abokina ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya ce, "Akwai wani dattijo a ƙauyen su kakata, bayan Dandume. Da ƙuruciyarsa a otal-otal na Kaduna da Jos yake kaɗa jita, daga baya ya watsar ya dawo gona. Har daga Malumfashi ake kai masa gyara. Ran kasuwa zan je sayo wa gida hatsi. In ajiye ka wurinsa, in na gama in biyo in ɗauke ka."

Lokacin nan an fara jin labarin mutanen daji a yankin, yau an ce sun kore shanu a can, gobe an ce sun tare hanya a nan. Ga shi masara ta yi tsayi ta rufe mutum. Na san in na ambaci Dandume mahaifiyata ba za ta bari ba, don haka na ce mata Malumfashi za ni, taron malamai. Ta dubi buhun da na cusa jitar a ciki.

"Taron malamai da goge?"

"Jita ce, Inna."

"Ko ma mece ce. La'asar ta yi maka a gida. Allah Ya tsare."

Daga Dandume muka saki kwalta muka kama jar hanya. Masara ta tsaya hagu da dama kamar katanga, ba ka ganin komai sai sama. Abokina, wanda bakinsa ba ya hutawa, ya yi shiru tun da muka shiga, sai ƙara wuta yake. Wajen ƙarfe goma muka isa. Gidan dattijon shi ne na biyun ƙarshe a ƙauyen, katangar ƙasa da zaure mai ƙyauren kwano. Abokina ya gaishe shi, ya yi bayanina, ya juya.

Dattijon dogo ne siriri, gemu ya yi fari fat, yana ɗan ɗingisa ƙafar dama. Muka zauna kan tabarma a zaure, matarsa ta kawo mana dafaffiyar masara a kwano. Ya zaro jitar daga buhu, ya ɗaga ta, ya kanne ido ɗaya ya bi wuyan da kallo daga kai har ciki, kamar kafinta na duba katako.

"Wa ya taɓa ta?"

Na ce, "Wani ne, Baba."

Ya dube ni, ya sake duban wuyan. "Wanin nan yana da ƙarfi. Ka ce mishi ya koma faskare."

Na sunkuyar da kai. Ya ce ba ta karye ba, amma saura ƙiris, an ɗaure ƙarfen har wuyan ya gantsare baya. Ya sassauta tsirkiyoyin, ya karɓi alankin, ya mayar da ƙarfen baya ɗan kaɗan, bai ko kai rabin zagaye ba. Sai ya kwantar da ita a tabarma ya ɗauki masara.

"Shi ke nan, Baba?"

"Yanzu sai jira. Itace ba ya jin magana nan take. Ka faɗa mishi kaɗan, ka ba shi lokaci ya yi tunani."

Sai hira. Ya tambaye ni nawa ake sayar da taki a Funtuwa, ya ce bana tsutsa ta so ta cinye musu masarar fari. Ya ce shi ya rasa gane tumatirin Danja na yanzu, ga girma ba ɗanɗano. Ya tambaye ni ko na yi aure, na ce tukuna, ya ce to jitar nan ba ta taimaka mini ba ke nan. Muna cikin dariya na ji tau, tau, daga nesa. Na ɗauka wani ne ke buga kwanon rufi. Dattijon ya tsaya da tauna. Sai ta ɓarke a jere, ba ƙaƙƙautawa.

Ban taɓa jin ƙarar bindiga irin wannan ba sai a fim. Nan take ƙauyen ya ruɗe. Mata na kiran sunayen 'ya'yansu, ƙafafu na gudu a bayan katanga, wani ya wuce yana ihu, "Sun shigo ta fadama! Babura ne!" Na miƙe na yi ƙofa, ban ma sa takalmi ba. Dattijon ya damƙe mini riga.

"Ina za ka?"

"Cikin masara, Baba!"

"Ka san gabas da yamma a garin nan? Baƙon da ya ruga bai san hanya ba, hannunsu yake faɗawa. Shige ciki."

Ya ja ƙyauren zaure ya tokare da gungumen itace. Sannan, abin da ya ba ni mamaki, ya sunkuya ya ɗauki jitar da alankin da ledar sababbin tsirkiyoyin da na zo da su, kafin ya biyo ni. Muka shiga ɗakin can ƙurya, mai 'yar taga ɗaya, da gadon ƙarfe da buhunan hatsi. Matarsa ta zauna a gindin ƙofa ta manna ido a tsagar ƙyaure. Ni kuwa na cusa kaina tsakanin buhu da bango. Na zaro waya in kira abokina, babu sabis ko ɗigo. Na kama addu'a, sai da na kai tsakiya na gane ta shiga banɗaki ce nake karantawa. Na ƙarasa ta a haka, na ce Allah Ya san nufina.

Harbin na tsayawa yana dawowa. Can sai na ji dattijon cikin raɗa: "Malam, matso ka riƙe mini nan."

Na ɗauka kunnena ne. Ya ɗora jitar a cinya, ya riga ya ɗaure tsirkiyoyin. Ya kamo yatsana ya danna shi kan babbar tsirkiya a gaɓar farko, shi kuma ya danne ta a inda wuya ya haɗu da ciki. Ya zaro wani tsohon katin waya daga aljihu ya gwada zura shi ƙarƙashin tsirkiyar a tsakiyar wuyan. Katin ya ƙi shiga.

"Ka gani? Kamata ya yi ya shige da ƙyar. Har yanzu tana kwance."

"Baba, harbi fa ake yi."

"Ina da kunne. Da shi na ci abinci shekara ashirin."

Ya sake sassauta ƙarfen ɗan kaɗan, ya ajiye, ya ci gaba da raɗa mini yadda ake gane waken suya mai kyau. Wallahi a lokacin na ji haushin tsohon nan har wuya. Na ce a raina wannan ko dai zuciyarsa ta bushe, ko kuwa kansa ya taɓu. Mutuwa na zagaya gida, shi yana maganar waken suya. Na tuna mahaifiyata na zaune tana zaton ina Malumfashi. In aka tafi da ni, ina za ta fara nema? In aka kashe ni, da ƙarya a bakina na rabu da ita. Wannan tunanin ya fi ƙarar bindigar cin raina.

Sai ga ƙugin babura. Da farko daga nesa, sannan ya cika lungun. Suka wuce ta bayan ɗakin da muke, katanga ɗaya ce tsakaninmu, har warin fetur ya shigo ta taga. Ɗaya ya tsaya. Na ji muryoyinsu sarai, samari ne, wani har dariya yake yana tambayar ina garken yake. Aka doki ƙyauren maƙwabta, shanu suka kama kuka. Wani kare ya yi ta haushi, aka yi harbi ɗaya, bai ƙara ba. Sai aka daki ƙyauren zaurenmu. Sau ɗaya. Sau biyu.

A daidai lokacin yatsana na kan tsirkiya, don ya sake sa ni riƙewa, hannuna na karkarwa har ta fara ɗan ƙara. Dattijon ya kifa tafinsa a kan tsirkiyoyin duka, ya haɗa da hannuna. Tafin sanyi ƙalau, ya jiƙe sharkaf, kuma rawar da yake yi ta fi tawa. Na ɗaga ido na dube shi. Fuskarsa ba ta canja ba ko kaɗan.

Ba a yi duka na uku ba. Daga can ɗaya gefen garin aka fara wani harbin mai nauyi, irin na bindigar gida, ashe 'yan sa-kai ne suka iso daga garin gaba. Wani ya yi fito, baburan suka tashi, aka kora shanun, ƙarar ta yi ta nisa har ta ɓace.

Shirun da ya biyo baya ya fi komai muni. Ba kukan yaro, ba carar zakara. Ba wanda ya san ko sun tafi ne ko laɓewa suka yi. Ranar ba a kira azahar ba a ƙauyen nan. Matar dattijon ce ta fara yi wa mijinta magana, ba ta ko juyo ba.

"Malam, ta fadama suka koma."

Ta ƙara da cewa:

"Ya ce mini kunya biyu suka rage mishi, zai gama kafin rana ta take."

Na ce, "Wa ke nan, Inna?"

"Ɗanmu," in ji ta. "Shi kaɗai ya rage mana a gida. Tun safe yana gonar fadama."

Fadamar da aka fara harbi. Fadamar da suka koma ta cikinta. Duk tsawon lokacin nan da nake zagin tsohon a zuciya, ɗansa na can. Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa idona.

Dattijon ya ce mata, "Ki yi ta addu'a." Ya juyo gare ni. "Miƙo sababbin tsirkiyoyin."

Wannan karon ban yi musu ba. Katin ya riga ya fara shigewa da ƙyar, wuyan ya miƙe. Ya cire tsofaffin ɗaya bayan ɗaya ya ɗaura sababbi, ina miƙa masa. Ya cire hularsa ya cusa a ramin jitar don kada murya ta fita. Sai ya kwantar da haɓarsa a kan katakon, ya rufe ido, ya taɓa tsirkiya da tsokar babban yatsa. Ni da ke gabansa da ƙyar nake ji. Shi ta ƙashin fuskarsa yake saurare.

"Kowace tsirkiya uwa ce da ɗiyarta," ya raɗa mini. "Ka kaɗa ta a sake, uwar ke nan. Ka danne ta a gaɓa ta goma sha biyu, ɗiyar ke nan. Murya ɗaya ce, sai dai ta ɗiya ta fi siranta. In ɗiya ta haura ta wuce uwar, tsirkiya ta yi gajarta, sai a ja mazauninta baya."

Tsirkiya ta biyu da ta shida ɗiyansu sun haura. Ya sassauta, ya zare ɗan farin ƙashin nan da tsirkiyoyi ke hawa a kai a cikin jitar, ya shimfiɗa samfefa a kan fasasshen madubi, ya goga gefen gabansa sau uku ko huɗu, ya mayar, ya ɗaure, ya saurara, ya sake cirewa. Ya yi haka ya fi sau biyar. Yana yi yana magana, amma yanzu ba ta taki ba ce. Ya ce yaron nan kunnensa na jaki ne, ya yi ya yi ya koya masa kiɗa ya gagara, amma a kunyar noma duk ƙauyen ba mai kamo shi. Ya ce yana da wayo tun yana ƙarami, ya iya ruwa, ya san kowane rami a bakin rafin nan. Ya faɗi wannan sau uku. Ba ni yake faɗa wa ba. Muka yi salla a ɗakin da ruwan buta ɗaya, ya koma kan aikinsa.

Rana ta fara karkata sai muka ji motsi a bayan gida. Sawu ne a hankali, sannan ƙasar katanga ta fara zubowa, wani na hawowa. Aka diro tsakar gida, tim. Matar ta ja baya daga ƙofa ta toshe bakinta. Dattijon ya miƙe tsaye, ba komai a hannunsa sai ɗan alankin nan da bai kai yatsa biyu ba, ya tsaya tsakanin matarsa da ƙofa. Ni kuwa, tunda gaskiya na zo faɗa, ban san lokacin da na shige ƙarƙashin gado ba. Daga nan nake hango ƙafafu biyu ta ƙasan ƙyaure, ba takalmi, duk laka.

"Inna, ni ne. Buɗe."

Ɗan nasu ne, saurayi kamar sa'ana, laka tun daga wuya har ƙafa, ƙayoyi sun yayyage masa hannu. Da ya ji babura ya faɗa rafi ya shige ƙarƙashin saiwar wata bishiya, hancinsa kaɗai a waje. A gabansa suka wuce, zuwa da komawa. Uwar ta riƙe shi, sai shafa kansa take. Uban ya dube shi sama da ƙasa.

"Ina fartanyar?"

"Na yar, Baba."

"To."

Daga nan dattijon ya zame ya zauna a ƙasa. Ya ja bakin riga ya rufe fuska, kafaɗunsa na girgiza, ba sauti. Na fito daga ƙarƙashin gado da yanar gizo a kai, ba wanda ya ko kula.

Bayan la'asar abokina ya iso tare da 'yan sa-kai, idonsa jawur. Tun da labari ya kai kasuwa yake neman shigowa ana riƙe shi. A nan muka ji ɓarnar: an kore shanu, an tafi da mutum biyu, an kashe wani bawan Allah a gonar da ke jikin ta ɗan dattijon. Waɗanda aka ɗauka sun dawo bayan watanni, na gona kuwa a ranar aka yi masa sutura. Da za mu tafi, dattijon ya zare hularsa daga ramin jitar, ya taɓa tsirkiya ɗaya a sake, ya danne ta a tsakiya ya sake taɓawa, a hankali, don ana makoki a gari. Murya ɗaya tas. Ya mayar da ita buhu ya miƙo mini.

Ana kiran magariba muka shigo Funtuwa. Mahaifiyata na tsaye a ƙofar gida, abin da ba ta taɓa yi ba. Ashe tun rana ta aika tasha aka gaya mata da wa na tafi, da inda muka nufa. Ta kama kafaɗuna ta shafa, ta duba hannuwana kamar jariri.

Na ce, "Inna, ki yafe mini."

Ta ce, "Je ka yi wanka, ka ci abinci."

Ba ta sake tayar da maganar ba har yau. Ni ma na yi wata uku ban buɗe buhun nan ba, kuma in babur ya yi ɓarin wuta a titi sai na tsinci kaina a tsugune.

Bayan kaka dattijon da iyalinsa suka tashi suka koma Malumfashi wurin dangi. Sai da shekara ta zagayo na je gaishe shi. Na same shi a ƙofar wani ɗan gidan haya yana ɓare gyaɗa. Bayan mun gaisa na yi ƙarfin hali na gaya masa abin da na raya a kansa ranar nan, na nemi gafara. Na ce, "Amma Baba, yaya aka yi ka iya zama kana gyaran jita?"

Ya jima yana ɓare gyaɗarsa kafin ya ce, "Malam, da na ajiye ta, da na buɗe ƙofar nan na nufi fadama da gurguwar ƙafata. Da na buɗe kuwa, da kai da tsohuwar nan ba ku kai yamma ba. Sai na nemi abin da zai riƙe mini hannu. Kai ma na ga kana neman tashi, shi ya sa na ba ka tsirkiya ka danne."

Ni da nake zaton taya shi aiki nake yi.

Tun daga nan na daina saurin yanke wa mutane hukunci a ranar tashin hankali. Na ga mace tana wanke-wanke alhali mijinta na ɗakin tiyata, na ga mutum yana gyara sarƙar keke ran da aka ce ɗansa ya ɓata, ban ƙara cewa zuciyarsu ta bushe ba. Tsoron ranar nan bai gama barina ba, har yanzu ba na son bin hanyar da masara ta rufe. Amma in wani nawa ya shiga ruɗani ban san me zan ce masa ba, nakan nemo wani ɗan aiki, kowane iri ne, in ce ya zo ya riƙe mini.